Na Jira In Warke Kafin In Je Jinyar Inna

A shekarun da abin nan ya faru da ni, duk wanda ya shigo ƙauyenmu da ke bakin kanal a ƙasar Kura ya tambayi gidan da ake turara shinkafa, ƙofar gidana za a nuna masa. Na doshi shekara arba'in a lokacin, na haihu bakwai, shida na raye, kuma ni ce babba a ɗakin mahaifiyarmu. Mace ce ni mai ƙarfi, mai baki, mai dariya. Maƙwabta sukan tsokane ni cewa kafin a hango hayaƙin durona an riga an jiyo muryata. Ba na gudun aiki, kuma gaskiya ba na raga wa raggo; in na ga mace ta dafe ƙugu tana kukan ciwon baya, ni ce ta farko da zan ce ta tashi ta bar mana lalaci. Maigidana manomin rani ne, shinkafa da tumatir da albasa, mutum mai sanyin hali da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ni kuma ina sayen shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa buntu ba, in jiƙa, in turara, in shanya a kan tamfol, a kai inji a casa, 'yan kasuwa su zo daga Kano su ɗauka. Na rubuto muku ne saboda akwai abin da ya daɗe yana cin raina, kuma na tabbata a cikin masu karanta wannan shafi akwai matan da ke ɓoye irin abin da na ɓoye. Ina roƙon kada a sa sunana ko na ƙauyenmu.

Abin ya soma ne bayan haihuwar autana. Naƙudar ta ba ni wuya, yaron kuma babba ne, amma Allah Ya sauke ni lafiya, na shiga wankan jego kamar yadda aka saba. Sai dai haihuwar ta zo daidai da girbin shinkafar rani, kuma mai sana'a irin tawa ba ta iya zuba ido shanshera tana wucewa ta ƙofar gidanta zuwa gidan wata. Tun ban yi arba'in ba na ɗaure cikina da zani na koma bakin wuta. Mu a nan da buntun shinkafa muke hura wuta a ƙarƙashin duro, domin shi ne ke zube a bakin inji, kuma duk wadda ta san hayaƙinsa ta san ba ya barin maƙogwaro ya zauna lafiya. Wata rana hayaƙin ya shaƙe ni, na yi tari mai ƙarfi, sai na ji ɗumi ya bi cinyata. Na ɗauka ragowar jego ne, na shiga na canza zani ban kawo komai a raina ba. Amma abin bai tafi ba. In na yi tari ya zo, in na yi atishawa ya zo, in na sunkuya na ɗaga daro cike da jiƙaƙƙiyar shinkafa ya zo, in dariya ta kama ni kuwa sai dai in nemi wurin zama da sauri. Fitsarin ba da yawa yake zuba ba, amma ya isa ya ɓata mini tsarki ya ɓata mini rai. Na yaye yaron, har ya soma bin yayyensa makaranta, abin yana nan.

Wanda bai tashi a ƙauye ba ba zai gane irin tsoron da ya kama ni ba. A wurinmu in aka ce mace tana yoyon fitsari, to an gama da ita. Ina yarinya akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ta dawo gidan iyayenta da wannan lalura bayan doguwar naƙuda, aka ware mata ɗaki da kwano, mu yara muna toshe hanci in mun zo wucewa, Allah Ya yafe mana. Ita nake gani duk lokacin da na ji danshi a jikina. Ban san cewa nata daban nawa daban ba, ban kuma san ko nata ɗin ana yin aiki a warke ba. Abin da na sa a raina kawai shi ne, in har maganar nan ta fita, babu mai sake sayen shinkafar da hannuna ya taɓa. Don haka na kulle bakina, ko maigida ban gaya wa ba. Na koma sa ƙunzugu kullum kamar mai al'ada, in wanke a ɓoye, in shanya a bayan ƙofar ɗaki maimakon kan igiya. Salla ta zama mini tashin hankali, in yi alwala in tayar, ina ruku'u in ji abin ya zo, in sallame in sake, har wani lokaci in zauna a kan darduma ina kuka. Na daina zuwa Islamiyyar matan aure, na rage zuwa biki da suna, na koyi danne dariya har mata suka soma cewa kasuwa ta buɗe mini na fara jin kai. Maganin sanyi kuwa babu kalar da ban sha ba, na masu lasifika a kasuwar Bunkure da na jiƙo, domin a nan duk abin da ya sami mace daga cibiya zuwa ƙasa sanyi ake kiransa, balle in ta taɓa tsayawa cikin ruwa wajen dashe. Babu abin da suka bar mini sai ɗacin baki.

Ana haka sai na sayi babbar waya, saboda masu sayen shinkafa sun fara cewa a tura musu hoton kaya kafin su taso. Wata ƙawata ta sa ni cikin wani zauren mata na waya, inda ake hirar girki da gyaran jiki da tallan atamfa. A nan ne wata rana wata da ban sani ba ta rubuta cewa akwai manhaja da ake saukewa a waya, tana koya wa mace motsa jikin da ke ƙarfafa naman da ke riƙe fitsari, ta ce ita ta gwada bayan haihuwa ta ga amfani. Sauran matan suka wuce maganar kamar ba su gani ba, aka ci gaba da cinikin leshi. Ni kuwa na karanta na sake karantawa. Ban tambaye ta komai ba, don kada a ce me ya haɗa ni da zancen. Na lallaɓa na sauke manhajar da kaina, na tura ta can cikin waya inda yara ba za su gani ba. Wallahi ranar ji na yi kamar an sauke mini kaya daga ka. Na samu likitan da ba zai kalle ni ba, ba zai kuma kai labarina ko'ina ba, kuma abin da nake nema ke nan tun farko.

Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Hausa ina karantawa sosai, Turanci kuwa sai tsinta-tsinta, kuma manhajar da Turanci take. Shafukan farko rubutu ne zalla, dogo, sai na yi ta dannawa ina wucewa har na iso inda ake nuna wani zane yana tashi sama yana saukowa, ana ƙirga masa. Na gane ana so in matse in saki, sai dai ban san abin da zan matse ba. Abin da jikina ya sani shi ne nishin haihuwa, don haka shi na kama yi: in ɗauke numfashi, in ƙanƙame ciki, in tura ƙasa da ƙarfi. Babbar 'yata tana sakandare a lokacin, da na miƙa mata wayar da ta karanta mini komai kafin tukunya ta tafasa, amma da wane ido zan kalle ta? Abu ɗaya na iya tsinta a rubutun, cewa wajen wata uku ake ɗauka kafin a ga canji, na kuwa riƙe shi gam. Sannan na ƙara da nawa wayon. Na ce in ruwa bai shiga ba me zai fita, sai na rage shan ruwa har ya zama kurɓi nake yi in ajiye kofi. In fitsari ya matse ni kuma in ƙi zuwa bayi, in yi ta riƙewa, a zatona horar da mafitsara nake yi.

Ban yi nisa da farawa ba aka aiko cewa Inna, mahaifiyarmu, ta faɗi a tsakar gida. Tana zaune ne a gidan ƙanenmu a wani ƙauye gaba da Bunkure. Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki, aka ɗan kwana biyu a asibiti aka dawo da ita gida, ba ta iya tashi, ba ta iya juyawa sai an juya ta, maganarta ma sai an kasa kunne sosai. Kowa ya san abin da ya kamata ya biyo baya. Babbar 'ya ita ce ke haɗa kayanta ta tare a ɗakin uwa, ita ce mai ɗagawa, mai wankewa, mai canza shimfiɗa. Maigida da bakinsa ya ce in shirya in tafi, yara sun tasa za su iya kula da gida, shinkafa kuma ba ta fi uwa ba. Ni kuwa tunanina yana wani wuri. Gida ne mai yawa, ga matan ƙannena, ga masu zuwa dubiya, bayi ɗaya, igiyar shanya ɗaya, ɗakin kuma ba ni kaɗai zan kwana a ciki ba. A ina zan wanke ƙunzugu, a ina zan shanya? Inna mace ce mai jiki, in na sunkuya na ɗaga ta a gaban matan ƙannena na san abin da zai faru. Sai na ce wa kaina wata uku kamar gobe ne, bari in warke tukuna, sannan in je in yi mata jinyar da kowa zai shaida. Mutane kuma na ce musu na riga na karɓi shinkafar jama'a na jiƙa, ba zan iya barinta ta lalace ba. Ƙanwata da ke aure a Dawakin Kudu ita ta baro gidanta da goyo a baya ta tare a ɗakin Inna.

Ya kamata in faɗi yadda muke da Inna, don a gane abin da ya hana ni buɗe baki. Ni ce 'yar fari, ita kuma irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Waccan take ce mini, da na yi aure kuma sai ta koma ce mini ta Kura. A hannun kakata na fi tashi, kuma ko da na girma ba ta zama ta yi hira da ni yadda take yi da ƙannena. Na san tana sona. In ta yi daddawa mai kyau nawa ake fara cirewa, a ba wani ya kawo, ba za a ma ce daga wurinta ba ne. Amma magana irin wannan ba ta da hanyar bi a tsakaninmu. Ni ba zan iya gaya mata abin da ke damuna ba, ita kuma ba za ta iya tambayata ba.

Sai na riƙa zuwa dubiya jefi-jefi, in je da hantsi in juyo kafin la'asar. Hanyar ta kan gaɓar kanal take, duk ramuka, babur yana ta jijjiga mutum, kafin in isa na riga na jiƙe. Don haka in na shiga ɗakin daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta. Ƙanwata ta ce in matso in zauna a bakin gado, in ce nan ma ya yi. In ta ce in kama mata mu juya Inna, in ce bayana ke ciwo ta kira matar ƙanenmu, ni da nake yi wa masu ciwon baya dariya. In Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya ta yi alama a kawo mini ruwa ko fura, in ce ramuwar azumi nake yi. Wannan ƙaryar da na jingina wa ibada har yau ina neman gafarar Allah a kanta. Duk tsorona kada Inna ta ji wari a jikina, domin tun muna yara hancinta ba ya kuskure. Takan bi ni da ido daga inda take kwance, ni kuma in sunkuyar da kai ina wasa da gefen mayafi har lokacin tafiya ya yi.

Wata rana ƙanwata ta rako ni zaure ta yi mini wankin babban bargo. Ta ce ita ba ta taɓa zaton za ta ga ranar da shinkafa za ta fi mini Inna ba. Ta ce mijinta ya fara ƙorafi, goyonta ba shi da lafiya, ita kaɗai take ɗagawa take wankewa, ni kuwa da take kira Yaya sai in zo kamar baƙuwa in tsaya a bakin ƙofa. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma a zauren nan babu kowa sai mu biyu, da na faɗa mata da an wuce wurin. Amma sai borin kunya ya kama ni. Na ce ita yarinya ce ba ta san nauyin da ke kaina ba, na tuna mata ni na goya ta, na ce kada ta sake ta ɗaga mini murya. Na hau babur ina share hawaye da mayafi. Da na dawo gida na ce dole in gaggauta warkewa, sai na ninka abin da nake yi. Manhajar takan yi ƙara ta tuna mini lokaci-lokaci a yini, ni kuwa na daina jiran ƙararta, ina ta nishi ba dare ba rana, na kuma ƙara ƙauracewa ruwa. Ga shi bazara ce, zafin da kowa ke kwana a waje, ni kuma yini nake a tsakanin wutar duro da ranar shanya.

Jiki ba ya ɗaukar irin wannan. Fitsarina ya koma kalar shayi, yana fita da zafi kamar an zuba barkono, yoyon kuma maimakon ya ragu sai ya ƙaru. Daga nan zazzaɓi ya shigo, da wani ciwo a kwiɓina da ke hana ni miƙewa sosai. Na aika kemis aka sayo mini maganin zazzaɓin cizon sauro na sha, na ci gaba da aiki. Maigida ya ce mu je asibiti na ce gajiya ce. Wata rana da azahar ina juya shinkafa a kan tamfol sai na ga gari ya juya, ban sake sanin inda nake ba sai a gadon asibiti ana mini ƙarin ruwa. Likita ya ce ciwo ne ya kama mafitsara aka ƙyale shi har ya hau ƙoda, ga jikina ya bushe ƙarau, ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. Ya tambaye ni me ya hana ni shan ruwa a wannan zafi, na juya fuskata bango.

Wata nas ce, sa'ata a shekaru, ta gano ni. Ta zo gyara mini shimfiɗa ta ga ƙunzugun, ta ja labule, ta zauna a bakin gadon ta tambaye ni a hankali tun yaushe nake fama. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Abin da na riƙe shekara da shekaru na zazzage mata shi gaba ɗaya, har da wayar na buɗe na nuna mata. Ta ce in kwantar da hankalina, nawa ba shi ne yoyon da nake tsoro ba. Ta ce wancan ɓulewa ce, fitsari yana zuba dare da rana ba tsayawa, kuma shi ma ana ɗinkewa a warke; nawa kuwa naman da ke tallafe da mafitsara ne ya saki saboda haihuwa da ɗaukar nauyi da yawan tari, kuma mata masu irinsa ba su ƙirguwa, sai dai kowa ta yi shiru. Ta duba manhajar ta ce ba ta ga aibunta ba, ita ma takan nuna wa mata irinta. Sannan ta koma shafukan da na tsallake ta fassara mini. Ashe a ciki an ce a sha ruwa yadda aka saba, kada a daɗe ana riƙe fitsari, kada a ɗauke numfashi ko a tura ƙasa, kuma duk wadda ta ji zafi ko zazzaɓi ko ta ga jini ta ajiye waya ta tafi asibiti. Duk abin da aka hana shi na yi. Ta koya mini yadda ake yi, ta ce janyowa ake yi sama daga ciki, kamar mai riƙe iska a cikin taron surukai, ciki a sake, numfashi yana tafiya. Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya. A ranar na ƙudurta cewa da an sallame ni gidan Inna zan wuce kai tsaye, in tare a ɗakinta, duk abin da zai zuba ya zuba.

Allah bai nufa ba. Ana gobe za a sallame ni maigida ya shigo da safe, ya zauna bai ko gaishe ni yadda ya saba ba, yana ta murza hularsa a hannu. Na sha jinin jikina tun kafin ya yi magana. Ya ce sai haƙuri, Allah Ya yi wa Inna rasuwa bayan sallar asuba. Kafin likita ya zo a cire mini robar ƙarin ruwa a samo mota, har an kai ta makwancinta. Ni da ya kamata in yi mata wanka, ko fuskarta ban gani ba.

Na yi zaman makoki ina jin idanun mutane a kaina, kuma ban ga laifinsu ba. Da jama'a suka ragu na kira ƙanwata cikin ɗakin Inna, na rufe ƙofa, na gaya mata komai tun daga tarin farko. Sai ta fashe da kuka tana salati, tana tambayata me ya sa ban faɗa ba, ita ba 'yar'uwata ba ce? Da ta ɗan natsu sai ta ce akwai abin da ba ta so ta gaya mini, amma gara in sani. Ta ce tun da Inna ta kwanta ba ta iya riƙe fitsari, a kwance take yi, kuma a duk ciwon babu abin da ya fi ƙona mata rai kamar wannan. Duk ranar da aka ce ta Kura tana hanya sai hankalinta ya tashi, ta matsa a wanke ta, a canza zanin gado, a goge ledar katifa, a buɗe taga a sa turaren wuta. In na tafi kuma sai ta tambaya da nauyin harshenta ko ɗakin yana wari. Ranar da muka yi faɗa a zaure ashe ta jiyo mu. Ta kira ƙanwata ta ce kada ta sake takura wa waccan, tun tana ƙarama mai tsafta ce, ba ta iya jure ƙazanta, kuma ba laifinta ba ne, a bar ta ta riƙa tsayawa inda ta ga za ta iya. Ni ina bakin ƙofa ina tsoron kada ta ji warina, ita tana kan gado tana zaton nata ne ya kore ni, har tana nema mini uzuri. Ban san yadda na kai ƙasa ba, na dai tsinci kaina na kifa fuska a kan katifar nan da na ƙi zama a bakinta, ina kuka irin wanda ban taɓa yi ba.

Bayan an share makoki na gaya wa maigida. Ya ce ya daɗe da lura da yawan wankina da shanyar bayan ƙofa, amma ya ga ina ɓoyewa sai ya ji nauyin tambaya, ya ce shi ma da nasa laifin. Shi ya riƙa mayar da ni asibiti ana duba ni. Na ci gaba da amfani da manhajar nan dai, wadda na kusa kashe kaina a kanta, amma yanzu yadda aka koya mini, kuma 'yata ce ke karanta mini in an canza darasi, ba ta kuma taɓa yi mini wani kallo ba. Na koma shan ruwa, na matsar da duro inda iska ke kwashe hayaƙi, daro kuma mu biyu muke ɗagawa. A hankali abin ya ragu, har ya zama sai in yi sati ban ga komai ba, sai fa in mura ta kama ni. Malamarmu ta Islamiyya kuma, da na cire kunya na tambaye ta, ta ce addini ya yi wa mai irin wannan lalura sauƙi, ta yi mini bayanin yadda zan yi tsarki da salla, ta ce wahalar da na sha a kan darduma ni na ɗora wa kaina. Duk wanda na buɗe wa baki, babu ko ɗaya da ya guje ni.

Ban rubuto don in kushe waya ba. Manhajar ta taimake ni, kuma na san za ta taimaki mata da yawa da asibiti ya yi musu nisa ko aiki ya hana su zirga-zirga. Amma ni ba magani na nema a cikinta ba, maɓoya na nema. 'Yan'uwana mata, wadda duk take ganin fitsari yana kufce mata in ta yi tari ko dariya ko ta ɗauki kaya, ta sani ba ita kaɗai ba ce, ba kuma abin kunya ba ne, haihuwa da wahalar neman halal ne suka jawo. Ta fara zuwa a duba ta a gaya mata irin nata, domin ba duka ne iri ɗaya ba. In za ta yi amfani da waya ta samu wadda za ta karanta mata abin da aka rubuta tun daga farko, ta kuma sa ma'aikaciyar asibiti ta tabbatar tana yi daidai. Kada ta hana kanta ruwa, kada ta zauna da zafin fitsari tana kiransa sanyi. Maza kuma, in kun lura da wani abu a wurin matanku ku tambaya da lalama, shirunku ba ya rufa musu asiri, ƙara musu kaɗaici yake yi.

Abin da ya fi duka, kada wata ta ce sai ta warke za ta sauke haƙƙin da ke kanta, domin ba ta san kwanan wanda ke jiranta ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa Inna a addu'a, Allah Ya jiƙanta Ya sa ciwon ya zama kaffara, ni kuma Ya yafe mini. Na samu lafiya, amma mahaifiyata ta bar duniya tana zaton 'yarta ta fari tana ƙyamarta, kuma ba ni da hanyar da zan bi in gaya mata ba haka ba ne. In taki tana raye tana kwance, ki tashi ki je ki zauna a bakin gadonta, ko da a jiƙe kike.